Saniyar Jibo da Akwatin Sidi

A shekarar 1984 damina ta yi wa Damargu rowa. An yi ruwa kaɗan, ciyawa ta leƙo, ta ga babu alheri ta koma. Kafin kaka shanu sun fara faɗuwa a bakin rijiyoyi, masu su na tsaye suna kallo, ba abin da za su iya sai su feɗe fata kafin ungulu su riga su.

Attahir na cikin waɗanda suka yi wannan tsayuwar. Matashi ne ɗan shekara ashirin da 'yan kai, Bafulatani, mahaifinsa ya rasu ya bar masa garke daidai gwargwado a arewa da Belbeji. Yana da mata, Raishatu, da 'yarsu Dado wadda ba a daɗe da yaye ta ba. Cikin 'yan watanni garken nan ya narke, ya bar saniya ɗaya tak, ja mai farin goshi da ake kira Wule. Abin haushin kuma, ita kaɗai ce ba tasa ba.

Wule ta Jibo ce, aminin mahaifinsa, wanda ya ba shi ita habbanaye lokacin aurensa. Ga wanda bai san al'adar ba, makiyayi ne yakan ɗauki karsana ya ba wani ya riƙe, ya sha nononta, in ta haihu 'ya'yan nasa ne, daga baya ya mayar da uwar ga mai ita. Ba a kiran shaida, ba a rubuta komai. Mai saniyar kuwa ba ya zuwa leƙenta, ko lafiyarta ba ya tambaya, don yin hakan tamkar ya kira mutum ɓarawo ne. Wanda aka bai wa shi ke kawo ta da ƙafarsa idan lokaci ya yi. Har zuwa wannan shekarar ban taɓa jin wanda ya ci irin wannan amana a ƙasarmu ba.

Attahir bai yi wasa da Wule ba, wannan kam zan shaide shi. Yakan hau gawo ya sassaro mata ganye har tafin hannunsa ya tsage, ya tsinto mata 'ya'yan bagaruwa, har ciyawar rufin bukkarsu ya zare ya ba ta. Maraƙinta ya mutu, sai Raishatu ta cika fatarsa da yayin ciyawa, tana ajiye mata a gaba lokacin tatsa. Da wannan dabara ake samun abin da zai rufe gindin ƙwarya, shi ne abincin Dado. Su manya kuwa anza suke ci, 'ya'yan wani icen daji masu ɗaci, a jiƙa ta a yi ta zubar da ruwan har ɗacin ya ragu, ba wai ya tafi ba.

Wata ranar kasuwar Belbeji ya ɗauki fatun shanunsa ya kai. Kowa fata ya kawo, don haka aka saye su a wulaƙance, abin da aka ba shi ko tiyar hatsi bai kai ba. Yana tafe yana juya 'yan tsabar a aljihu, ransa a jagule, sai ya ga samari sun yi cincirindo a wata rumfa bayan 'yan tireda, ana ta shewa. A shekarar da ba wanda ke dariya, shewa kaɗai ta isa ta jawo mutum.

Wani mutum ne zaune a kan tabarma, fes da shi, ya sa agogo da baƙin tabarau, kumatunsa har ƙyalli suke yi. Sunansa Sidi. A gabansa akwai akwati mai fuskar gilashi, an haɗa shi da batirin mota, ƙananan fitilu ja da kore suna ta ƙyaftawa. Cikin gilashin akwai faifai mai hotuna: raƙumi, mota, saniya, tauraro. Sai ka ɗora kuɗinka a kan hoton da ka zaɓa, Sidi ya danna wani abu, allura ta yi ta juyi, in ta tsaya a kan naka a ninka maka. Attahir na tsaye wani dattijo mai farin gemu, wanda da ganinsa ka ce daga masallaci ya fito, ya ɗora a kan raƙumi ya ci, ya sake ɗorawa ya sake ci, ya tattara ya tafi yana godiya ga Allah. Sai daga baya aka gane tare suke cin tuwo da Sidi a masauki ɗaya.

Sidi ya ɗaga kai ya dubi Attahir. Irin mutanen nan suna gane mai yunwa kamar yadda makiyayi ke gane saniya mai ciki.

"Ɗan Fulani, matso mana. Ba a biyan kuɗin kallo. Ɗora ko dala guda ce, ka ga abin da Allah zai yi."

Ya ɗora a kan saniya, don ita ya sani. Allura ta juya ta juya ta tsaya a kan saniya. Ya bar abin da ya ci a wurin, ta sake tsayawa a kanta. Ranar Attahir ya koma gida da hatsi da sukari da ganyen shayi, yana tafe kamar ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa. Raishatu ta tambaye shi inda ya samu, ya gaya mata. Ta ce, "Caca ke nan." Ya ce ba caca ba ce, na'ura ce ta kamfani, daga Damagaram aka kawo ta don a taimaki mutane. Ta ɗauki hatsin ta surfa. Ni ban ga laifinta ba, ranar ce ta farko da 'yarta ta sha kunu mai kauri tun shigowar rani.

Kasuwa ta zagayo, ya koma. Wannan karon ya ci, ya faɗi, ya ci, ya ci, har abin ya yi yawa. Da ya miƙa hannu sai Sidi ya zuba masa wasu ƙwandaloli na jan ƙarfe masu tambarin tauraro.

"Ƙanena, kai yanzu ka wuce ajin 'yan tsaba," in ji shi. "Ba na yawo da manyan kuɗi, ka san halin hanya. Kowane ɗaya cikin waɗannan jikka guda ce ta kuɗi a wurin kamfani. Ka adana, ko ka ci gaba da wasa da su. Ranar da ka so, a canza maka."

Attahir ya ci gaba da wasa da su. Abin mamaki, tun da aka koma ƙwandala sa'arsa ba ta ƙara juya masa baya ba. Ya ɗinka musu 'yar jaka ya rataya a wuya ƙarƙashin riga, in ya zauna shi kaɗai sai ya zazzage su a kan zane yana jera su, wannan karsana ce, wannan bijimi. A zuciyarsa ya riga ya mayar da garken mahaifinsa har da ƙari. Hatsin nan kuwa ya ƙare, aka koma anza.

Ranar da ya ce a canza masa, Sidi ya ja shi gefe, ya sa aka kawo masa shayi da burodi, ya bar shi ya cinye tukuna.

"Kuɗinka na nan, ba su da matsala," ya ce da murya ƙasa-ƙasa. "Abu guda ne ya rage, garanti. Kamfani ba ya sakin manyan kuɗi sai mutum ya ajiye nashi, don a tabbata shi ne mai su. In na kai Damagaram sai a haɗo maka duka, da naka da nasu."

Ya faɗi abin da za a ajiye.

"Ba ni da shi. Ba ni da komai."

"Ko dabba guda?"

"Akwai saniya, amma ba tawa ba ce. Habbanaye ce."

Sidi ya ce bai san wannan ba, a bayyana masa. Ƙarya yake yi, wanda ya ci kasuwannin Damargu ba zai rasa saninta ba, so yake yaron ya faɗa da bakinsa. Attahir ya bayyana masa tiryan-tiryan, har da alfahari, yadda ake bayarwa, yadda ba a tambaya, yadda ake mayarwa. Sidi ya cire tabarau, karo na farko ke nan da Attahir ya ga idanunsa.

"Ashe ku ne kuka riƙe gaskiyar duniya," ya ce. "To mu ma mu yi irin taku. Ka sai da ta, ka ba ni kuɗin habbanaye. Ni zan riƙe, ni zan dawo maka da uwa da 'ya'ya. Shanu yau sun fi kaza araha. Da abin da za ka karɓa sai ka sai wa mai ita biyar madadin guda, ya sa maka albarka. Ko ka bar ta ta mutu a hannunka kamar sauran, ka ba shi fata?"

Wannan maganar ta ƙarshe ita ta kama shi, don ita ce abin da ke hana shi sukuni kullum. Ƙashin bayan Wule ya riga ya fito, in ta kwanta sai an kama mata wutsiya take tashi.

Bai gaya wa Raishatu ba. Da kasuwa ta sake zagayowa ya ce zai kai Wule wata fadama da aka ce akwai sauran ganye, ya ja ta sannu a hankali har Belbeji. Dillalai suka taya ta da abin da a shekarun arziki ko rago ba za a ba ka da shi ba, ya sallama. Aka tura ta cikin kamyo, babbar motar kaya, tare da wasu ƙasusuwan shanu da za a kai kudu. Ta juyo ta yi kuka sau ɗaya, shi kuwa ya sunkuyar da kai ya nufi rumfar Sidi.

Sidi ya karɓi kuɗin da hannu biyu. Sannan ya ce, "In kira mutum biyu su shaida? Ko in yi maka takarda?"

Nan ne gwanintar mugun ta fito, don ya san amsar da za a ba shi. Fuskar Attahir ta canza kamar an zage shi.

"Habbanaye muka ce. Ba a yi mata shaida."

"Madalla. To gaya mini inda kake zaune, ni zan zo da ƙafata, yadda kuke yi."

Attahir ya kwatanta masa rijiyar, da gawon da ke gabas da ita, da bukkar. Suka yi musafaha.

Da Raishatu ta gan shi ya dawo da igiya a hannu ba saniya, ba ta tambaye shi ba, tsayawa ta yi tana kallonsa har ya faɗa da kansa. Ya faɗa da sauri, yana haɗawa da shanu biyar, da buhunan hatsi, da zanen da zai saya mata. Ta zauna a ƙasa daɓas.

"Saniyar mutane," ta ce. "Da nonon yarinyar nan."

"'Yan kwanaki ne kawai."

"Cikinta ya san 'yan kwanaki?"

Aka shiga jira. Dado ta ƙi anza, in an ɗura mata sai ta amayar. Raishatu ta bi gidajen Hausawa manoma na kusa tana yi musu daka, a ba ta dusa, ta tace ta dama wa yarinyar. Kukan Dado ya fara da ƙarfi, daga baya ya koma wani siririn abu kamar na ɗan akuya, gashin kanta ya yi ja. Attahir kuwa kullum yana gindin gawo, idonsa a kan hanyar Belbeji, ko ƙura ya hango sai ya miƙe.

Ranar kasuwa ta zo, Raishatu ta ce ya tashi ya je ya gani.

"Ba zan je ba," ya ce. "In ya gan ni zai ce leƙensa na zo yi. Baffa Jibo ya taɓa zuwa duba Wule?"

"Baffa Jibo kai ya ba, ɗan amininsa. Kai wa ka ba? Ka san ubansa? Ka san rijiyarsu?"

Ya daka mata tsawa ya bar wurin. Haka wannan kasuwar ta wuce, ta bayanta ma ta wuce, yana zaune yana kiyaye mutuncin mutumin da ya yashe shi. In na tuna wannan zaman har yau raina ɓaci yake yi. Da ɓarawo ne ya shigo da sanda, da Attahir ya bi shi har bakin duniya. Amma da tarbiyyar gidansu aka ɗaure shi, ya zauna cif.

Sai da Dado ta kai ba ta iya zama da kanta sannan ya tafi. A bayan 'yan tireda bai tarar da komai ba sai ramukan da aka zare dirkokin rumfa. Akwai samari a wurin, Hausawa da Buzaye da Fulani, suna zazzaune jugum, kowa da irin jakarsa. Wani ya sai da raƙumin yayansa, wani irin shukan gidansu, wani awarwaron uwarsa. Ba mai kallon idon wani. Aka ce a tafi wurin jandarma, Attahir ya zame jiki, don in aka tambaye shi inda ya sami kuɗin, me zai ce?

Yana barin kasuwar wani yaro matashi ɗan garin Gangara ya biyo shi, ya ce masa a kunne an ga Sidi a kasuwarsu da akwatinsa. Wai ba gudu ya yi ba, kamfani ne ya canza masa wuri, kuma duk wanda ya zo da ƙwandalolinsa da ɗan abin cike garanti za a sallame shi nan take. Mai hankali zai ji wannan magana ya tofar. Attahir ya riƙe ta da hannu biyu, don in ya sake ta ba abin da ya rage masa.

Kwana kaɗan bayan haka, da hantsi, baƙi suka sauka a bakin rijiya. Dattijo ne dogo da sanda a kafaɗa, da matarsa, da yara, da jaki guda ɗauke da 'yan komatsai, da awaki biyu. Attahir ya gane tafiyar tun daga nesa. Jibo ne da matarsa Balki. Mutumin da garkensa ke rufe rijiya in ya zo shayarwa, yau ga abin da ya rage masa.

Aka shimfiɗa tabarma, aka kawo ruwa, aka yi gaisuwa mai tsawo. Jibo ya ba da labarin yadda ya kai shanunsa arewa da Tanut neman ciyawa, suka ƙare a can ɗaya bayan ɗaya. Yanzu kudu za su, ko Allah zai sa a dace. Bai ambaci Wule ba, ba zai ambata ba ko za a yanka shi. Amma hanyar kudu ba ta nan ta bi ba, kowa ya san abin da ya sa ya ratso. Yana magana idonsa na zuwa kan turken da ke bayan bukka yana dawowa. Balki ma can take kallo, da yaran.

A al'ada, nan ne Attahir zai tashi ya jawo saniya ya damƙa wa mai ita. A al'adar kuma, in saniyar habbanaye ta mutu a hannunka ba a bin ka komai, Allah ne ya karɓi abinsa.

"Baffa," ya ce, "Wule ta mutu."

Raishatu na bakin bukka da Dado a cinya. Ta ɗago kai ta dube shi, ya kau da fuska.

Balki ta juya baya ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Ta sha wahala?" Jibo ya tambaya.

"A'a. Kwantawa ta yi, ba ta tashi ba."

"To, alhamdu lillahi. Na san ka yi iyakar ƙoƙarinka, ga hannuwanka nan duk sun tsage. Kada ka sa wa ranka damuwa, ɗana. Nawa ma da nake tsaye a kansu sun tafi."

Da ya zage shi, da ya fi masa sauƙi. Attahir ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige, amma bai warware ƙaryar ba.

Da rana ta yi sanyi suka yi shirin tafiya. Jibo ya je yi wa Raishatu sallama, sai ya tsaya yana kallon yarinyar da ke cinyarta. Ya sa yatsa ya taɓa ɗan hannunta. Sannan ya koma wurin awakinsa, ya kwance mai nonon, ya jawo ta. Balki ta ce, "Malam," a hankali, tana duban nasu yaran. Ya ce, "Namu sun iya tauna." Ya kai akuyar har turken Wule ya ɗaure da hannunsa.

"Habbanaye ce," ya ce wa Attahir. "Jikar Alhassan ba za ta mutu ina da abin tatsa ba."

Alhassan shi ne mahaifin Attahir. Suka kama hanya, jaki a gaba, akuya guda a baya tana waiwayen 'yar'uwarta.

Raishatu ta tatsi akuyar nan take, ta ɗiɗɗiga wa Dado a baki. Yarinyar ta haɗiye, ta sake buɗe baki. Uwar na ba ta tana hawaye. Attahir na tsugune a gefe, ya zuba wa akuyar ido, ya daɗe a haka. Can ya matso.

"Ji mana," ya ce. "Akuya mai nono tana da daraja yanzu, ta fi saniya saurin fita. An ce cikon garantin ba shi da yawa. In na kai ta Gangara na karɓo kuɗina, sai in bi Baffa da shanu, in gaya mishi gaskiya duka. Kin ga ita ce kaɗai hanyar da zan wanke kaina."

Ta dube shi. Ba wasa a fuskarsa, ba mugunta kuma, ya yarda da abin da yake faɗa har zuciyarsa. Wannan ne ya fi ba ta tsoro.

Ta gama ba yarinyar nono, ta goya ta, ta ɗaure da kyau. Ta shiga bukka ta ɗauko ƙwaryarta da zane guda, ta je turke ta kwance akuyar, ta naɗe igiyar a hannu. Sawun jakin Jibo na nan a kan rairayi, bai gushe ba.

"Ina za ki?"

"Wurin mai ita. In yarinyar nan za ta sha nonon akuyarsa, a gabansa za ta sha."

"Ki tsaya mu yi magana. In kin je me za ki ce mishi?"

"Ba zai tambaye ni ba," in ji Raishatu. "Ni zan faɗa."

Ya bi ta 'yan taku yana kiranta, yana rantsuwa, yana cewa kasuwa guda kawai yake roƙo. Ba ta waiwaya ba. Ya tsaya a bakin rijiya, don bai da fuskar da zai kai inda za ta, yana kallon kan Dado na lilo a bayanta har suka sha kan tudu.